Yadda ake rage nauyin hoto ba tare da an lalata shi ba

Duk lokacin da aka buɗe ajiye takardu ta intanet, na shiga jami'a ne ko na jarrabawar ɗaukar aiki, ɗan shagona da ke nan Maraɗi yakan cika da masu kuka iri ɗaya. Kwanan baya wata ɗaliba ta shigo da azahar, ta biya kabu-kabu tun daga Ali Ɗan Sofo, ta miƙo mini waya tana cewa, "Malam, don Allah duba mini, tun safe hoton nan ya ƙiya. Rezo ne ko mi?" Na karɓa na duba. Rezo lafiyarsa lau. A ƙasan gurbin da ake saka hoton an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa kada ya wuce kilo 200, nata kuwa mega 4 ne da ɗoriya. Wato ta ɗauko buhu tana so ta tura shi ta bakin tulu. Na ce, "Ƙanwata, zauna, minti biyu ne." Abin da na yi mata a minti biyun nan shi zan shimfiɗa a nan, har da dalilan da ban samu lokacin gaya mata ba.

Me ke sa hoto nauyi?

A fara da ma'auni, don a nan ake yawan ruɗewa. Kilo 1000 da ɗan abu, wato 1024 a lissafin kwamfuta, shi ne mega ɗaya. Mega 1024 kuma shi ne jiga ɗaya. Wayar da aka saita da Turanci KB da MB take rubutawa, wadda ke Faransanci kuwa Ko da Mo. Abu ɗaya ne. Hoto mai mega 4 ya ninka mai kilo 200 sau ashirin ke nan.

Shi hoton waya tarin ɗige-ɗige ne masu launi, ana ce musu fiksel. Kyamara mai megafiksel 12 tana fitar da hoto mai ɗigo 4000 a tsawo, 3000 a faɗi, jimilla miliyan 12. Da za a ajiye launin kowane ɗigo yadda yake, hoto guda zai kai mega 36. Abin da ya sa kake ganin mega 3 ko 4 kawai shi ne wayar ta riga ta matse shi da tsarin JPEG, wanda ake amfani da shi tun 1992. Tsarin yana yanka hoton gida-gida, kowane gida ɗigo 8 sau 8, sai ya zubar da ƙananan bambance-bambancen da ido bai cika lura da su ba.

Ni da kilishi nake kwatanta shi. An shanya nama, ruwan ya fita, nauyi ya ragu, daɗin yana nan. Amma duk wanda ya taɓa cin kilishi ya san ba a mayar da shi ɗanyen nama. Abin da JPEG ya zubar ya tafi ke nan, kuma duk lokacin da aka sake matse hoton da aka riga aka matse, wani abu ne ke sake zubewa.

Saboda haka hanyoyi biyu ne na gaskiya: rage yawan ɗigon, ko ƙara matsewa. Mutane sun fi garzayawa ga na biyu, su matse hoto mai ɗigo 4000 har fuska ta koma kamar an shafa mata taɓo. Ra'ayina, bayan shekaru ina wannan aiki, shi ne a fara da na farko. Lissafin ma ya goyi bayansa: idan ka raba tsawo biyu ka raba faɗi biyu, ɗigon da ya rage kashi ɗaya ne cikin huɗu, ba rabi ba.

Mataki na farko: ajiye na asali

Kafin ka taɓa komai, yi kwafi, ka yi aikinka a kan kwafin. A kwamfuta ka buɗe wata folda dabam ka zuba na asalin. A waya, idan manhajar ta ba ka zaɓi tsakanin ajiyewa a kan tsohon da ajiye sabon kwafi, ɗauki sabon kwafi.

Na koyi wannan ne da zafi. Wani bawan Allah ya kawo mini hotunan sunan ɗansa a katin ajiya, yana so a rage su ya tura wa ƴan'uwa a Yamai da Damagaram. Na rage su duka a kan katin, ban ware na asali ba. Bayan mako biyu sai ga shi, wai kakar yaron tana son a wanke ɗaya babba a rataya a ɗaki. Hoton da ya rage mai ɗigo 800 ne. Ba irin haƙurin da ban ba shi ba, ya ce ba komai, amma har yau in mun haɗu a masallaci sai na ji kunya.

Mataki na biyu: san nauyin da kake da shi, da wanda kake nema

Buɗe hoton a waya, taɓa ɗigo uku na kusurwa, ka nemi bayanan hoton, inda aka rubuta Détails ko Details. A wasu wayoyin jan hoton sama kawai ake yi. Za ka ga lambobi biyu da alamar sau a tsakani, kamar 4000x3000, sannan nauyin. A kwamfuta mai Windows, danna hoton da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Propriétés ko Properties.

Sai tambayar da ta fi kowace muhimmanci: ina hoton za shi? A nan nake daɗewa da masu zuwa wurina, domin amsar ce ke yanke komai.

In kallo ne kawai a waya, ko tallar kaya a WhatsApp da Facebook, ɗigo 1600 a gefe mai tsawo ya isa har ya yi saura. Fuskar yawancin wayoyi ba ta wuce ɗigo 720 ko 1080 a faɗi ba, to me za a yi da 4000? In ɗan hoton fuska ne na takardu, mai milimita 35 da 45, ɗigo 413 da 531 ne ke ba da bugu mai kyau; ka bar shi wajen 600 a tsawo, ka huta. In wankewa za a yi, ƙa'idar masu bugu ita ce ɗigo 300 a kowane inci. Hoton da aka saba wankewa mai santimita 10 da 15 yana son kusan 1200 da 1800, cikakken shafin A4 kuma 2480 da 3508. Wanda za a buga babba a allon shago ko a rataya a zaure, kada a rage shi ko kaɗan.

Mataki na uku: datse abin da ba a bukata

Kafin rage girma, yanke gefe. Alamar kusurwa biyu da suka sarƙe, a cikin gyaran hoto na kowace waya, ita ce ta datsewa. Bango, rufin kwano, ƙafar wanda ya gitta, duk nauyi ne na banza. Sau da yawa wannan kaɗai yana zubar da rabi.

Mataki na huɗu: rage girma da matsewa a waya

Abin da na fi amfani da shi Squoosh ne, wanda ma'aikatan Google suka fitar a 2018. Ba sai ka sauke manhaja ba, kuma abin da ya sa na amince da shi, aikin a cikin wayarka yake gudana, ba a tura hoton ko'ina. Ga yadda ake yi.

Buɗe Chrome ka rubuta squoosh.app. Taɓa babbar alamar da ke tsakiya, ka zaɓo hoton. Zai bayyana da layi a tsakiya: ɓangare ɗaya na asali ne, ɗayan kuma yadda zai koma. Kana iya jan layin ka kwatanta.

A cikin zaɓuɓɓukan, kunna inda aka rubuta Resize. Gida biyu za su fito, na faɗi da na tsayi. Rubuta lambar da kake so a gefen da ya fi tsawo, misali 1600, ɗayan zai gyara kansa. Kada ka cire alamar da ke riƙe daidaiton ɓangarorin biyu, in ba haka ba mutum zai fito ko dai siriri kamar kara ko kuma a baje kamar faranti.

Ƙasa da nan akwai nau'in matsewa. Bar shi a MozJPEG, shi ne ke fitar da JPEG da ko'ina ake karɓa. Akwai sandar inganci, Quality, wadda takan fara a 75. Ka ja ta kana kallon abu biyu: lambar nauyi da ke ƙasa, da kuma hoton kansa. Tsakanin 70 da 80 da wuya ido ya ga bambanci. Daga 60 zuwa ƙasa abin ya fara nunawa, kuma wurin da za ka duba shi ne gefen rubutu, gefen fuska, da sararin sama ko bango mai launi ɗaya, inda ƴan murabba'ai da zane-zane suke fara fitowa. Ka buɗa hoton da yatsu biyu ka duba sosai, kada ka yarda da kallon nesa.

In ka sauko 60 nauyin bai kai inda kake so ba, daina jan sandar. Mayar da ita 75, ka koma ka rage ɗigon: daga 1600 zuwa 1200, ko 1000. Hoto ƙarami mai tsabta ya fi babba mai dameji. Da lambar ta sauka ƙasa da iyakar da aka ba ka, taɓa kibiyar saukewa. Kada ka tsaya a bakin iyaka cif. In an ce 200, nemi 180, saboda wani shafin da 1000 yake lissafi wani da 1024.

Na ɗalibar nan, datsewa na yi, na sa 600 a tsawo, inganci 80. Ya fito ƙasa da kilo 100, shafin ya karɓa nan take.

Masu Samsung suna da hanya a gida: a gyaran hoto, ɗigo uku, akwai wurin sauya girma da kaso. Snapseed ma a cikin saitinsa ana zaɓar girman da zai riƙa fitarwa da kuma ingancin. Mai iPhone in ya tura hoto ta manhajar Mail, ita da kanta takan tambaye shi ƙarami, matsakaici, babba ko ainihin girma, ta nuna nauyin kowanne. Manhajojin rage hoto kuwa da suka cika Play Store, wasu suna aiki, amma talla ta yi musu yawa, kuma wadda ta nemi izinin ganin lambobin mutanenka don ta rage hoto, ka san da walakin goro a miya.

Dabarar WhatsApp, da inda take ƙarewa

Kowa ya san ta: ka tura wa kanka hoton, ka ɗauko wanda ya isa. Tana aiki, domin WhatsApp yana rage gefe mai tsawo zuwa wajen ɗigo 1600 kuma ya matse. In kana sauri, ba laifi. Sai dai ka tabbata ba ka taɓa alamar HD da aka ƙara a 2023 ba, kuma ba ka tura shi a matsayin takarda, wato Document, ba, domin ta wannan hanyar hoton yana tafiya da cikakken nauyinsa.

Matsalarta, ba kai ke riƙe da linzamin ba. Ba za ka ce kilo kaza nake so ba. Kuma hoton da ya bi hannu biyar, wannan ya sauke ya gyara ya tura, wancan ya ɗauki hoton fuskar wayarsa ya tura, ya zama kilishin da aka yi ta mayarwa wuta. Wani Alhaji mai atamfa da shadda a babbar kasuwa ya taɓa yi mini ƙorafi cewa masu saye daga Tasawa da Dakwaro suna cewa kayan da suka gani a hoto ba su ne aka aiko ba. Da na duba, hotunan da yake turawa ba daga kyamararsa suke ba, waɗanda yaransa suka yi ta jujjuyawa ne, zanen shaddar duk ya narke. Na ce, "Alhaji, kowane mai saye a tura masa daga na asali, kuma a fito da kayan bakin ƙofa a ɗauka." Wannan na ƙarshen ba don kyau kaɗai ba ne. Hoton da aka ɗauka a duhu yana cika da tsakuwa-tsakuwa, JPEG kuma yana ɗaukarsu kamar wani abin kirki yana ajiyewa, sai hoton ya yi muni kuma ya yi nauyi. Haka zane mai yawan ado, kamar atamfa, ko ganyen bishiya, ya fi farin bango nauyi ko da girmansu ɗaya. Saboda haka kada ka yi mamaki in saiti ɗaya ya ba ka kilo 150 a wannan hoto, 400 a wancan.

A juye kuma: in mai wanke hoto za ka tura wa, to a nan ne ake tura shi a matsayin takarda, don kada WhatsApp ya taɓa shi.

A kwamfuta

Paint, wanda ke cikin kowace Windows, ya isa ga hoto ɗaya. Buɗe hoton, danna Redimensionner ko Resize, zaɓi fiksel maimakon kaso, rubuta lambar, ka bar alamar daidaito a kunne. Sannan ka ajiye da sabon suna, ka zaɓi JPEG. Paint ba ya barin ka zaɓi inganci, amma rage ɗigon kawai yakan wadatar. Mai son riƙe komai da hannunsa ya sauke GIMP, kyauta ne, yana nuna sandar inganci lokacin fitar da hoto.

In hotuna ɗari ne na biki, ɗaya bayan ɗaya ba zai yiwu ba. IrfanView yana da aikin tari: ka danna harafin B, ka zaɓo hotunan duka, ka saita girma da inganci sau ɗaya, ka nuna masa wata folda dabam da zai zuba sababbin. Ka lura da kalmar dabam ɗin nan, ita ce ta gagare ni ranar hotunan suna. Shi kyauta ne ga mai amfanin kansa, mai sana'a da shi kuwa ana so ya sayi lasisi. PowerToys na Microsoft ma yana da mai rage girma da ke shiga cikin maɓallin dama, kuma ba a biyan komai.

Ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo masu rubuta kundin kammala karatu, ku ma abin ya shafe ku. Fayil ɗin Word da ya kai mega 60, hotunan ciki ne suka kumbura shi, kuma Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce mega 25 a maƙale. Jan kusurwar hoto a cikin shafi don ya ƙanƙance ba ya rage nauyinsa ko kilo ɗaya. Danna hoton, ka shiga gurbin tsarin hoto, ka nemi Compresser les images ko Compress Pictures, ka cire alamar da ke cewa wannan hoton kaɗai, ka zaɓi 150, wato ɗigo 150 a inci, ka yarda a share gefen da aka datse. Ajiye, ka sake duba nauyin.

Takardu

Takardar haihuwa, shaidar kammala karatu, katin ɗan ƙasa, waɗannan sun fi hoton fuska wuya, domin rubutu ba ya jure matsewa. Shimfiɗa takardar a wuri mai haske, a inuwa ba cikin tsakar rana ba, ka tsaya a kanta daidai kada inuwar hannunka ta faɗa. Datse har bakin takardar. Ga shafin A4, kada ka sauka ƙasa da ɗigo 1240 da 1754, wato 150 a inci; in rubutun ƙanana ne, 1654 da 2339 ya fi. Mayar da ita fari da baƙi yana rage nauyi, amma in akwai hatimi mai shuɗin tawada, bar launin, kada a ce kwafi ne na kwafi. Bayan ka gama, buɗa ka karanta lambobin da kwanan wata da idonka. In 3 ta fara kama da 8, koma ga na asali ka sake. In PDF aka nema, manhajar Google Drive tana da wurin ɗaukar takarda da kyamara ta mayar da ita PDF kai tsaye.

Shafukan da ake ɗora hoto su matse su mayar, irin su TinyPNG, suna aiki da kyau ga hoton kaya ko na biki. Katin ɗan ƙasa dai ban ga dalilin aika shi kwamfutar wasu a wata ƙasa ba alhali ana iya yi a cikin waya. In kuma a shagon wani aka yi maka, ko da nawa ne, tsaya a goge a gabanka, har cikin kwandon shara.

Abubuwan da ba sa aiki

Sauya wutsiyar sunan fayil daga png zuwa jpg ba ya canza komai, suna kawai aka sauya wa tuwo. Sai an buɗe hoton an sake fitar da shi a JPEG. PNG ba ya zubar da komai, shi ya sa ya dace da tambari da zane da rubutu, amma hoton mutum a PNG yakan ninka na JPEG sau da yawa. Cusa hotuna cikin ZIP ma ɓata lokaci ne, abin da aka riga aka matse ba ya ƙara matsuwa. Haka nan sauya lambar ɗigo a inci daga 300 zuwa 72 a bayanan hoto, in ba a taɓa yawan ɗigon ba, nauyin yana nan daram.

WebP na Google da HEIC da iPhone ke amfani da shi tun 2017 sun fi JPEG iya matsewa, gaskiya ne, sai dai ba kowane shafin ajiye takardu ke karɓarsu ba. Mai iPhone da hotonsa ke yawan ƙin shiga, ya je saitin kyamara, wurin nau'in fayil, ya zaɓi Le plus compatible ko Most Compatible, daga nan JPEG za ta riƙa ɗauka.

Sai masu Tecno da Infinix da sauran wayoyin da aka rubuta 48 ko 50 a bayan kyamararsu. A yadda suka zo, yawancinsu suna haɗa ɗigo huɗu ya zama ɗaya, su fitar da hoto mai megafiksel 12 ko kusa da haka. Amma akwai maɓalli a saman kyamarar mai lambar 48 ko 50, wasu sukan kunna shi su manta, kowane hoto ya riƙa fitowa da nauyin da ya ninka na da, waya ta cika cikin wata guda. Buɗe kyamararka yanzu ka duba. In yana kunne, kashe shi, sai ranar da za ka ɗauki hoton da za a wanke babba.